Ma'aikatan Mai Taki

A layin da suke zaune ba wanda bai san matar Mai Taki tana tsoron ƙadandoniya ba, kuma ba wanda bai taɓa yi mata dariya a kai ba. Mace ce da ta haifi huɗu ta binne ɗaya, ta taɓa cafke ɓarawon da ya zo ɗaukar mata keken ɗinki ta riƙe shi har maza suka iso. Amma da ta ga baƙar abar nan mai ƙafafu barkatai tana jan jiki a kan siminti, sai ta ƙame wuri ɗaya, gumi ya karyo mata ta bayan wuya. Masu son jin dalili sun tambaye ta har sun gaji. Ko wata ta taɓa shiga mata kunne tana yarinya? Ko mafarki ta yi? Babu ko ɗaya, haka Allah ya yi ta. Masu dariyar kuwa, rabinsu ɓera kawai zai gilma su ɗare kan kujera suna salati.

Abin da ya ƙara wa dariyar daɗi shi ne sana'ar mijin. Da can shi ne mai kula da shuke-shuke a wata ma'aikata. Da aka tashi rage mutane aka sallame shi, ya dawo gida da cebur da manjagara da wani tsohon baro mai kuka. Bai zauna ba. Ya lura kullum da safe masu shara suna tara ganyen bishiyoyi a bakin titi su cinna masa wuta, sai ya riƙa bin su yana roƙo su bar masa. Ya riƙa jibge ganyen a bayan gida, tsakanin katanga da gindin mangwaro, yana yayyafa masa ruwa. In an kwana biyu sai ƙasan tulin ya koma baƙar ƙasa mai laushi, mai ƙamshin ruwan farko. Ya tankaɗe ta da rariyar waya, ya ɗura a buhu, masu sayar da furanni da masu rainon dashe su zo su kwashe. Da wannan aka ci, aka yi wa yara makaranta, aka aurar da biyu.

Shi dai bai taɓa yarda shi ke yin ƙasar ba. Cewa yake ma'aikatansa ne. Wai ganye in ka bar shi shi kaɗai sai ya shekara yana kallonka. Ƙadandoniya ce ke fara gutsura shi tana kasayar da shi ƙanana-ƙanana, a nan ruɓa ke samun wurin kamawa. Gwazarma, farar tsutsar nan mai ƙiba, tana daga ciki tana niƙa, ita kuma doguwar tsutsar da ake kira tana ta zo daga ƙasa ta ja abin da ya yi laushi ta haɗiye shi tare da turɓaya ta fitar. Ranar da ya fara yi wa matarsa wannan bayani suna cikin cin abinci ne. Ta ajiye cokali ta ce ashe duk shekarun nan kashin ƙadandoniya yake ciyar da ita. Ya ce ƙwarai, ga shi kuwa ya karɓe ta.

Sai suka raba gida ba tare da faɗa ba. Gaba nata ne: ɗakin ɗinki, igiyar shanya, madafa. Baya nasa ne da mutanensa. Ƙofar baya kuwa, tun da aka fara tulin nan ƙafarta ba ta tsallaka ta ba.

A bakin ƙofar nan ta tsaya tana ihu ranar da ya faɗi kusa da baronsa, maƙwabta ne suka shiga suka ɗauko shi. Wannan abu ya daɗe yana cin ta. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace. Autarsu, wadda ba ta yi aure ba tukuna, ita ta tare a asibiti wajen jinya. Likitan bai ɓoye musu komai ba. Ya ce wannan karon Allah ya kiyaye, amma in abin ya sake bugunsa da wuya ya tashi. Kada a ɓata masa rai, kada a kai masa labarin da zai tayar masa da hankali, a asibiti ko bayan ya koma gida.

Ba a yi mako ba aka kwana ana ruwa. Da safe ta buɗe ƙofar ɗakinta za ta fita, sai ta ga ƙadandoniya ko'ina. A tsakar gida, a jikin bango, ɗaya ta naɗe kanta a cikin takalminta, wata tana hawa ƙafar keken ɗinki a hankali kamar an aike ta. Ba ta san lokacin da ta koma kan gado ba. Nan ta tsaya a tsaye, ta tattare zani, tana kallon ƙasan ƙofa inda haske ke shigowa, tana jira ta ga kan farko ya leƙo. Ko ihun ma ya ƙi fita. Rana ta ɗaga sosai kafin yayar mijinta, wadda kowa ke kira Yaya Babba, ta biyo don su tafi asibiti, ta same ta a haka.

Yaya ta sha dariya har da riƙe ciki, sannan ta share su. Tana shara tana cewa ai ƙanenta ne ya lalata ta. Ashe duk ranar da aka yi ruwa haka suke shigowa, shi ne yake riga kowa tashi ya bi su da tsintsiya mai laushi, ya kwashe a abin kwasar shara ya mayar da su bayan gida kafin matarsa ta farka. Ya taɓa gaya wa Yaya, ya roƙe ta kada ta faɗa. Matar Mai Taki ta ji maganar, amma ba ta shige ta ba a lokacin. Abin da kawai ta fahimta shi ne damina yanzu ta fara, kuma mai kwashe su yana kwance.

Yaya ce ta kawo shawarar magani. Ta ce majinyaci ba ya dawowa gida mai ƙwari, mutane ma za su zo dubiya, a ce me? Ta ja ta zuwa shagon maganin ƙwari a kasuwa. Mai shagon ko ɗaga kai bai yi daga wayarsa ba. Bai tambayi inda za a zuba ba, bai tambayi ko akwai kaji ko rijiya ko yara a gidan ba. Ya miƙo kwalbar da ta fi kowace ƙarfi ya ce a ninka abin da aka rubuta, wai masu rubutun tsoro ne da su. Irin waɗannan su ne ya kamata a riƙa yi wa dariya a layi, amma su ake ce wa ranka ya daɗe.

Yaya ta fesa wa ɗakuna ta tafi. Ragowar maganin matar Mai Taki ce da kanta ta dama a bokiti. Ta buɗe ƙofar baya, ta tsaya daga ciki, ta rufe ido ta watsa wa tulin. Ta sake damawa ta sake watsawa, har kwalbar ta ƙare. Ba wanda ya sa ta. Kuma gaskiya ita ce ta ji daɗi.

Kashegari ta tsallaka ƙofar a karon farko. Duk sun fito sun mutu a fili, kowace ta naɗe kamar zobe, tsutsar tana kuwa ta miƙe ta yi fari, wari ya cika wurin. Ta share, ta ɗaure a leda ta kai bola. Ta yi kwanaki tana barci kamar jaririya.

Sai Mai Taki ya fara magana. Harshen ya yi nauyi, sai an sa kunne. Ta sunkuya tana zaton zai tambayi yara ko jikoki.

"Kin ba su ruwa?"

Ta ce ta ba su. Ya lumshe ido kamar wanda aka sauke wa kaya. Daga ranar kullum ta je tambayar ke nan, kullum amsar ke nan, kuma kullum in ta fito sai ta dafa bangon asibitin kafin ta iya tafiya.

Ta riƙa zuba ruwan kuwa, tana gaya wa kanta ganye ai ganye ne, zai ruɓe ko da su ko babu su. Jinya ta ja, aka fi wata. Tulin da kullum yake lotsawa ana ƙara masa ya tsaya cak yadda yake. Ranar nan wani dattijo mai sayar da furanni, tsohon mai cinikin mijinta, ya zo neman buhu biyu. Ta ce ya shiga ya duba da kansa. Ya tura hannu cikin tulin ya zaro. Ganyen ya manne da juna kamar jiƙaƙƙiyar takarda, yana yauƙi, yana tsami, kowane ganye da jijiyoyinsa cif, ba inda aka gutsura. Ya sansana ya yarfe hannu.

"Uwar gida, me kuka yi wa wurin nan?"

Ta faɗa masa. Ya ce mutumin nan fa ya fi shekara ashirin yana kiwon wurin nan, in ya gani ba a san abin da zai faru ba. Ita ma abin da take gudu ke nan. Ta roƙe shi don Allah ya rufa mata asiri, ya kuma gaya mata ko akwai dabara. Ya ce dabara ɗaya ce, a kawo wasu. Ya kwatanta mata bayan katangar wata tsohuwar masaƙa da aka rufe, inda ganye ke zuba ba mai sharewa. Shi dai bayansa ba ya sunkuyo, rumfarsa kuma ba mai jira masa.

Ta je wa Yaya da maganar. Yaya ta ce ita ɗakuna ta ce a fesa, ba ta aiki kowa bayan gida ba, kada a sa ta a ciki. Auta ba ta iya ɓoye komai a fuska, uban zai karanta. In kuwa ta ɗauki wani a layin ya yi mata, kafin yamma labari ya kai asibiti da ƙari. Ta zauna a gaban keken ɗinki ta lissafa kowa, ba ta ga wanda ya rage ba sai ita.

Da sassafe bayan an yi ruwa ta tafi. Ta sa safa a hannu ta ɗaura leda a kai, ta riƙe bokiti mai murfi da abin kwasar shara. Bayan masaƙar shiru, inuwa ta rufe ko'ina, ganye ya kai idon sawu, yana nutsewa in ta taka. Ta daɗe a tsaye. Da ta ɗaga ganyen da bakin abin kwasar, sai ƙasa ta motsa gaba ɗaya. Manya da ƙanana, baƙaƙe masu sheƙi, ƙafafun nan suna tafiya kamar ana kaɗa gezar mayafi. Ta ja da baya ta yi amai a gindin katanga. Ta goge baki ta dawo. Ɗaya bayan ɗaya ta riƙa tura su da tsinke, tana karanto duk addu'ar da ta zo bakinta, har da addu'ar shiga bayi. Wata ta hau kan ledar hannunta. Ta ji tafiyarta ta cikin leda da safa, ƙafa bayan ƙafa, ta ƙame har abar ta gaji ta sauka don kanta.

Bokitin a ka ta ɗauko shi, don ba ta iya jure ganinsa a gefenta. Wannan kuskure ne. Duk tsawon hanya tana jin su suna karce roba daidai saman kanta. Wata maƙwabciya ta gaishe ta ta tambayi me aka samo, ta ce gawayi ne.

Ta juye su a kan tulin ta gudu. Kashegari ta leƙa, duk sun naɗe sun mutu. Maganin yana nan a cikin ganyen.

Ranar ce ta yi kukan da ba ta yi ba tun faɗuwar mijin. Da ta gama ta ɗauki ceburinsa. Kwana da kwanaki tana kwashe saman tulin, tana tura baron nan mai kuka zuwa bola, tafin hannunta ya yi kanta, ɗinkin mutane ya taru ana aiko mata da baƙar magana. Ta bi masu shara ta roƙi sabon ganye kamar yadda yake yi, suna mata kallon mamaki. Ta jibge shi can gefe inda ruwan maganin bai gangara ba. Tana cikin haka Auta ta bugo waya da murna, an ce jibi za a sallami Baba.

Zuwa na biyu ba ta da lokacin tsinke. Ta rufe ido ta riƙa kwasar ganye da ƙasa da duk abin da ke ciki tana zubawa. Sau ɗaya ta buɗe ido, sai ta ga wani abu ja, mai faɗi, ya wulga cikin bokitin da gudu, ba irin jan jikin sauran ba. Ta danna murfi. Ta yi sawu uku a ranar. Da ta kwatanta wa mai furanni abin da ta gani, sai fuskarsa ta canza. Ya ce wannan shanshani ne, shi ba ganye yake ci ba, kuma cizonsa yana sa ƙato kuka. Ya ce ta yi ƙoƙari kada mara lafiya ya sa hannu a wurin.

Aka kawo Mai Taki gida a kan kujera mai taya. Ya rame, rigarsa ta yi masa yawa. Gida ya cika da 'yan sannu. Ta yi ta kai da kawo, ta kawo ruwa, ta gyara matashi, ta ce ya sha magani, ta ce ya huta, rana ta yi zafi, gobe ma rana ce. Yana ta kallon ƙofar baya. Da mutane suka ragu ya ɗaga hannun hagu ya nuna. Ta ce a bari sai ya kwana biyu. Ya buga hannun kujera, jijiyar goshinsa ta tashi. Auta ta ce, Mama, hana shi ɗin ma ɓata masa rai ne, ta kama kujerar ta tura.

Matar Mai Taki ta bi su. Yaya Babba ma ta biyo ta tsaya a bakin ƙofa tana cewa kai, wuri ya yi fes.

Ya daɗe yana kallo. Tulin bai kai rabin yadda ya bar shi ba, kuma ba a inda ya bar shi yake ba. Ya buɗe hanci ya ja iska. Ta ga leɓensa na ƙasa ya fara rawa. Ya sa Auta ta matsa da shi, ya karkata jiki, ya miƙa hannunsa mai lafiya, hannun nan ɗaya da ya rage masa, zai tura cikin ganyen.

Ba ta yi shawara da kowa ba. Ta durƙusa ta ture hannunsa, ta cusa nata biyun har gwiwar hannu, ba safa ba leda. Ciki da ɗumi, da danshi, da motsi ta ko'ina. Ta ji suna bin tsakanin yatsunta. Idonta ya yi duhu, amma ta ɗebo ta ɗago masa. Ganyen ya fara samun huji, 'yan baƙaƙen ƙwayoyi kamar tsaba sun manne a jiki, ƙadandoniya biyu suna bin wuyan hannunta. Ya sunkuyo ya duba.

"Ba nawa ba ne."

"Ba naka ba ne, Baban Auta. Naka na kashe su. Waɗannan ni na kawo."

"Ke?"

"Ni. A kaina."

Auta ta riƙe kafaɗar uban tana kallon fuskarsa. Yaya ta sulale ta koma ciki. Shi kuwa numfashinsa ya yi sama, ido ya kawo ruwa, gefen bakin da ya karkace yana motsi ba a san ko kuka ba ne ko zagi. Matar ta zuba masa ido tana jira ta ga kansa ya langaɓe. Ta manta da abin da ke hannunta. Ta mayar da hannun cikin tulin don ta dafa ta tashi ta tare shi, nan ne abin ya same ta a gindin babban yatsa, kamar an soka mata allurar keke da aka gasa a wuta. Jan abin ya fito ya bi ta kan ganye, Auta ta taka shi da takalmi.

Hannun ya fara hawa nan take. Ta riƙe shi da ɗayan, ba ta yi ƙara ba, har yanzu mijin take kallo. Ya dubi mushen shanshanin, ya dubi hannun, ya dubi inda tsohon tulinsa yake a da. A hankali numfashin ya sauka. Auta ta ruga ta ɗauko na'urar awon jini ta ɗaura masa. Ya hau, amma bai kai inda likita ya ce a dawo da shi ba.

Bai ce ya yafe ba, bai ce sannu ba. Kwana uku bai yi mata magana ba, in ta kawo abinci sai ya jira Auta ta ba shi. Ƙasar bana kuwa ba ta yi ko kusa da ta bara ba, masu furanni da yawa sun koma wani wuri, ɗinki ne ya riƙe gidan. Tsutsar tana ma sai da damina ta kusa ƙarewa aka fara ganin ɗaya-ɗaya. 'Yan layi sun samu sabon abin dariya, yanzu Uwar Ƙwari suke ce mata, cikinsu har da waɗanda ba su taɓa leƙa mutumin a asibiti ba. Kuma duk mai cewa ai yanzu ta saba ƙarya yake yi. Har yau in za ta tsallaka ƙofar nan sai ta tsaya ta haɗiyi yawu, kuma ba ta cin komai sai ta gama da wurin, don ta san abin da cikinta zai yi.

A rana ta huɗu da dawowarsa ta fito da hannu a naɗe, ta ɗauki manjagara da hagu ta fara juya ganyen. Ba ta san Auta ta turo shi bakin ƙofa ba sai da ta ji muryarsa, mai nauyi, yana jan kowace kalma.

"Ba ta tsakiya ake farawa ba. Za ki sare su. Daga gefe, Maman Auta, a hankali."

Ta matsa gefe, ta soma daga nan.